Takardar Yabo a Bango, Kuɗin Tafiya a Aljihun Wani

Duk shugaban ma'aikatar da ka zauna da shi a garin nan na Damagaram, in hira ta yi nisa sai ya kawo maka kuka guda: ma'aikatan yanzu ba su da kishin aiki. Ƙarfe tara ta yi kujeru ba kowa, ana kiran azahar an watse, ranar Juma'a kuwa ba a ma maganarta. Mai shago a Kasuwar Dole haka zai ce game da yaransa, mai gareji haka, mai makarantar kuɗi haka. Maganin da ake yayi yanzu, wanda ake dawowa da shi daga tarukan horo, shi ne karramawa. A zaɓi gwarzon wata, a liƙa hotonsa a bakin ƙofa, a miƙa masa takardar yabo mai hatimi, in da hali a haɗa da ambulan.

Ni ba na faɗa da yabo, yabon gwani ya zama dole. Abin da nake ja da shi shi ne tunanin cewa wai ma'aikatunmu ba su da tsarin sakayya, sai yanzu za a kawo musu. Tsarin yana nan tun tuni, yana aiki dare da rana, kuma kowane ma'aikaci ya haddace shi, ba a dai rubuta shi ba ne. Wa ake sa sunansa in takardar horo ta zo daga Yamai? Wa ake ba misiyo, wato tafiyar aiki, da kuɗin kwana? Wa ke riƙe da makullin babur ɗin aiki? Wa ake bari a cikin gari shekara da shekaru, wa ake jefawa Tasker ko bayan Tanut a manta da shi? Amsoshin waɗannan tambayoyi su ne ainihin ladan da ake rabawa a ofisoshinmu, kuma daga gare su ma'aikaci yake gane abin da maigidansa yake so da gaske. In ya ga mai yawan gaisuwa da rakiya har bakin mota ne ke tafiya, to gaisuwa da rakiya zai ƙware a kai, ko da an cika bangon ofis da hotunan gwarzaye.

Ina da ƴar'uwa ungozoma a wata ƙaramar likita a karkarar kudancin jihar nan. Su biyu ne da majo, wato shugaban likitar, sai matar da ke shara. Haihuwa ba ta san agogo ba, don haka yawancin aikinta na dare ne, kuma in batirin sola ya mutu kafin asuba, uwar mijin mai naƙuda ce ke riƙe mata fitilar waya. Da gari ya waye ga awon ciki, ga rigakafi, ga rajistocin nan masu faɗi da ake cikawa da biro ja da baƙi, waɗanda ƙarshen wata ake tattara alƙalumansu a aika sama. Wata shekara aka shirya horo a Yamai kan yadda ake farfaɗo da jaririn da aka haifa ba ya numfashi. Sunan da ya tafi na wata ce da ke zaune a ofis a cikin gari, wadda ta daɗe rabonta da ɗakin haihuwa. Ita ƴar'uwar tawa ba ta ma ji labari ba sai da ta ga hotuna a WhatsApp. Ƙarshen shekarar aka kira ta taro, aka yi tafi, aka ba ta takardar yabo saboda likitarsu ta fi kowace yawan haihuwa a hannun ma'aikaci.

Da na ce mata barka, sai ta ce, "Yaya, barkar me? Kuɗin kwanan nan da na samu da na ji daɗi, ba zan ɓoye maka ba. Amma abin da ya fi ci mini rai, abin da aka koyar can ni ce nan jaririn yake faɗowa a hannuna." Takardar tana cikin akwati tare da katin zaɓe da takardun haihuwar yara. Tana nan tana aikinta, amma ta daina zuwa da safe kafin lokaci, kuma duk sanarwar ɗaukar ma'aikata da wata ƙungiyar agaji ta fitar sai ta tura takardunta.

Wannan ba sabon abu ba ne ga masu nazarin aiki. A 1959 wani Ba'amurke mai suna Frederick Herzberg ya fitar da sakamakon hirar da shi da abokan aikinsa suka yi da injiniyoyi da akantoci kusan 200 a yankin Pittsburgh. Sun tambaye su lokutan da suka fi jin daɗin aiki da lokutan da suka fi jin haushinsa. Abin da ya gano shi ne abubuwan da ke ɓata wa ma'aikaci rai daban suke da waɗanda ke sa shi zage dantse. Albashi, yanayin wurin aiki, tsarin hukuma da mu'amalar shugaba, in sun lalace suna kashe zuciya, amma gyara su kawai ba ya sa mutum ya so aikin. Abin da ke sa shi ya so aikin shi ne ya ga ya cim ma wani abu, a san ya yi, a ɗora masa amana, ya ga hanyar ci gaba a gabansa. An yi ta sukar hanyar binciken nasa, kuma akwai gaskiya a sukar, domin ɗan Adam in abu ya yi kyau nasa ne, in ya ɓaci na shugaba ne. Duk da haka rabewar da ya yi tana da amfani a gare mu, saboda mu a nan ƙoƙari muke mu tsallake kashin farko mu faɗa na biyu. Kashi na biyun ya fi araha, shi ya sa.

Dubi malaman kwantiragi, waɗanda su ne suka daɗe suna riƙe da mafi yawan azuzuwan firamare a ƙasar nan. Mushen da ke koyarwa a ajin zana, wanda sai an gama girbi an samu kara ake kafa shi, yana jiran pekil, wato ɗan kuɗin wata na ɗan kwantiragi, da ba shi da tabbacin ranar fitowarsa, yana bin mai kanti bashin shinkafa, yana jiran lambar matirikil ta zama cikakken ma'aikacin gwamnati shekara bayan shekara, wannan mutum in ka kira shi ka ba shi takarda mai zanen zinariya ka ce shi ne gwarzo, zai karɓa da hannu biyu saboda tarbiyya, amma a ransa ya san an yi masa wayo. Haka mai gadi ko mai shara a kamfani mai zaman kansa. Mafi ƙarancin albashi a Nijar ya tsaya a sefa 30,047 fiye da shekara goma kafin a ɗaga shi zuwa 42,000 a farkon 2024, kuma kowa ya san akwai masu aiki da yawa a garin nan da ko wannan ba sa gani, ba su da takardar ɗauka, ba a zuba musu komai a asusun fansho. Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ce a ba ma'aikaci ladansa kafin guminsa ya bushe. Wannan haƙƙi ne, ba kyauta ba. Yabon da aka ɗora a kan haƙƙin da ba a biya ba kamar zanen nan ne na fuskar tsoffin gidajen Birni: in ruwa ya ci gindin bango, kyan zanen ba ya hana shi zubewa.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda muke zuwa neman darasin karramawa a wajen baƙi alhali kakanninmu sun fi mu iya ta. A gayya, makaɗi yana bin bayan saurayin da ya fi kowa cin ƙasa da hauya, yana kiran sunansa da na ubansa, ƴanmata na kallo daga gindin gawo. Babu wanda zai ce an yi son kai, domin inda kowa ya nome a fili yake, ido na gani. Sarautar sarkin noma a da ba da baki ake samunta ba, sai mutum ya tara dami dubu, an ƙirga a gaban jama'a, ya yi biki ya ciyar da gari. Sarkin fawa da sarkin maƙera da sarkin aska, mutanen sana'ar sun san hannun kowa kafin a kai ga rawani. Wanda ke yabon ya san aikin, ma'aunin kuma ba a ɓoye yake ba.

Ƴan kasuwarmu ma har gobe suna da nasu, kuma a ganina ya fi na ofis hikima. Yaro yana shiga shagon Alhaji da shara da ɗaukar kaya. In ya yi shekara ba a ga hannunsa a inda bai dace ba, sai a bar shi ya auna yadi ya karɓi kuɗi. Daga nan wata rana da magariba Alhaji ya miƙa masa makulli ya ce, "Gobe kai za ka buɗe." Babu taro, babu tafi, amma kafin hantsi duk layin sun san matsayin yaron ya canza, har maƙwabta su fara ce masa ƙaramin Alhaji cikin raha. Sai ranar da za a ɗaura masa kuɗi a ƙugu a tura shi Kano shi kaɗai ya yo sari. Ƙarshenta sallama: jari, rumfa, wani lokaci har da aure. Na taɓa tambayar wani dattijo mai sayar da atamfa ko yana yaba wa yaransa. Ya yi dariya ya ce, "Ɗana, in na ce masa ya yi ƙoƙari kansa zai kumbura. Makulli nake ba shi." Kowane mataki a wannan tsari amana ce da aka ƙara, kuma yaron yana hango inda hanyar ta nufa. Ba na cewa babu zalunci a ciki. Akwai iyayen gidan da ke riƙe yaro har ya yi furfura a shago, in lokacin sallama ya matso sai a laƙa masa sata a kore shi hannu rabbana. Amma kasuwa tana gani, kuma irin wannan Alhajin ba ya sake samun yaron kirki.

A ofis kuwa, ko lambar yabon da ake maƙala wa ma'aikata a bikin 1 ga Mayu, bayan sandika sun yi jerin gwano sun miƙa wa hukuma takardar koke-kokensu, yawan shekarun aiki take aunawa. Wanda ya yi shekarun yana gumi da wanda ya yi su a ƙarƙashin bedi yana shan shayi, ƙarfe ɗaya za su rataya.

Wani zai ce to a bar surutu, a sa kuɗi, wanda ya fi aiki ya fi samu. Kuɗi suna motsa mutum, babu musu, musamman wanda albashinsa ba ya kai shi ashirin ga wata. Matsalar ita ce suna motsa shi zuwa ga abin da ake ƙirgawa ne kaɗai, ba zuwa ga aikin ba. Faransawan da suka yi hedikwatarsu a garin nan har 1926 kafin su mayar da ita Yamai, ƴan'uwansu da ke mulkin Hanoi a ƙasar Biyetnam sun ɗanɗana wannan a 1902. Ɓeraye sun addabi gari, sai hukuma ta ce duk wanda ya kawo wutsiyar ɓera za a biya shi. Wutsiyoyi suka yi ta zuwa. Daga baya aka fara ganin ɓeraye marasa wutsiya suna yawo a titi, aka kuma gano masu kiwon ɓera a bayan gari. A yammacin Kenya, a 1998 da 1999, an gwada ba malaman firamare kyautuka bisa makin da ɗalibansu suka ci a jarrabawa. Masanan da suka bi diddigin abin, ciki har da Michael Kremer wanda ya samu lambar Nobel a 2019, sun ga maki ya tashi a jarrabawar da aka ɗaura kyautar a kanta, amma zuwan malamai aji bai ƙaru ba. Abin da ya ƙaru shi ne zaman bitar tambayoyin jarrabawa, kuma da aka janye kyautar makin ya koma inda yake. Duk wanda ya san yadda makarantun kuɗi na garin nan ke tallar kashi nawa cikin ɗari suka ci jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji ya san abin da zai biyo baya in aka ɗaura albashin malami a kan wannan lamba: ɗalibin da ake shakkar zai ci, tun kafin rajista za a nemi yadda za a rabu da shi.

A ɗaya gefen kuma, akwai shaidar cewa karramawar da ba kuɗi a ciki tana aiki in an yi ta da gaskiya. A Lusaka ta ƙasar Zambiya an ba ɗaruruwan masu gyaran gashi da wanzamai kayan kariya daga cutar ƙanjamau su riƙa sayar wa masu zuwa shagunansu. Wasu an ba su riba a kan kowane ƙunshi, wasu ba a ba su komai ba, wasu kuma aka liƙa musu allo a bangon shago, duk ƙunshin da suka sayar a manna tauraro. Sakamakon da aka wallafa a 2014 ya nuna masu taurarin sun sayar da ninki biyu na abin da sauran suka sayar. Abin lura a nan shi ne tauraron ba ra'ayin wani shugaba ba ne. Ƙunshi ɗaya, tauraro ɗaya, kuma kowa ya shigo shagon yana gani. Ga shi kuma waɗannan mutane da sana'arsu suke ci, ba wanda yake riƙe musu albashin wata uku.

Sai dai akwai wani abu namu da littattafan baƙi ba sa kawowa, wato tsoron baki. Da yawa daga cikin ma'aikatanmu na kirki ba sa son a ware su a gaban jama'a. Ranar da aka liƙa hotonka, ranar za a fara ce maka ɗan lelen shef, a daina gaya maka abin da ake ciki, wani ma ya fara tunanin ka kai ƙararsa ne ka samu. Macen aure kuwa, in namiji shugaba ya cika yabonta a taro, maganar da za ta biyo baya har gida za ta iske ta. Shi ya sa a aikin da hannu da yawa ke yi, kamar ɗakin haihuwa ko gareji ko makaranta, na fi ganin amfanin a saka wa rukuni gaba ɗaya: a gyara musu ɗakin kwanan masu gadin dare, a sayo batirin solar, a yanka musu rago su ci tare. Yabon mutum ɗaya kuma a yi masa shi a keɓe, a faɗi takamaiman abin da ya yi. "Malam, na ga yadda ka zauna da yaran nan uku bayan an tashi har suka iya haɗa baƙi" ya fi "muna godiya da ƙoƙarin kowa" sau dubu, domin yana nuna shugaban ya leƙa ajin. Shugaban da bai san abin da ma'aikacinsa yake yi tsakanin takwas da sha biyu ba, ba shi da abin da zai yaba, sai dai ya yabi wanda ya fi gani, wanda ya fi gani kuwa shi ne mai zama kusa da ƙofarsa. Planto da direba da mai shara, waɗanda in sun yi fashin kwana biyu ofis ke tsayawa, da wuya sunansu ya shiga kowane jeri.

Na san amsar da daraktan makaranta ko shugaban gunduma zai ba ni: ranka ya daɗe, ni ba ni nake biyan albashi ba, ba ni nake ba da matirikil ba, komai daga Yamai yake zuwa, kusan kilomita 900 daga nan. Gaskiya ne, kuma ba na ɗora masa laifin baitulmali. Amma abin da ke hannunsa ba kaɗan ba ne. Shi ke aika sunaye in an nemi masu zuwa horo. Shi ke raba misiyo, shi ke ba da hutu, shi ke sa makin ƙarshen shekara a takardar ma'aikaci, shi ake tambaya in lokacin canjin wurin aiki ya zo. Shi ne kuma zai iya ɗaukar takardun malamin da haƙƙinsa ya maƙale ya bi su ofis ofis, wanda a wurin malamin ya fi kowace lamba daraja. Tun da matatar man fetur ta SORAZ ta fara aiki a 2011, ga ƙungiyoyin agaji da suka cika gari, ga jami'a tana yaye matasa kowace shekara, ma'aikaci mai hannu da kai yana da inda zai leƙa. Wanda ya fi ƙwarewa shi ke fara tafiya, ragon ne ke zama har ritaya.

Abin da zan nema a wurin irin wannan shugaba bai kai kuɗin buga hoton gwarzon wata ba. Ya samu takarda ɗaya ya liƙa a inda ake liƙa sanarwa, ya rubuta sunan kowane ma'aikaci, a gabansa horon da ya je da misiyon da ya yi a shekarar, da kwanakin da aka biya shi. A ƙasa ya rubuta ƙa'idar zaɓe da kalmomin da kowa zai gane: wanda aikin ya shafa kai tsaye shi ke gaba, a cikinsu kuma wanda ya fi daɗewa bai je ba. Za a ce takardar gayyata takan zo a makare, ana son suna kafin gobe, babu lokacin shawara. Ai saboda haka ne ma ake son jerin ya riga takardar zuwa. Su kuma masu ba da kuɗin horon, da ke zuwa da motoci masu tambari su ɗauki hoton rufe taro, su ƙara layi ɗaya a takardar halarta, kowane mahalarci ya rubuta wurin da yake aiki da ranar ƙarshe da ya yi abin da aka zo koya masa da hannunsa.